Miliyan ɗaya da rabi a hannu: wane katin girafik zan saya?

Abba Gema: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Shawara nake nema a wajen manya. Shekara biyu ina tari, yanzu Allah Ya sa na haɗa miliyan ɗaya da rabi, ina so in rabu da GTX 1660 Super ɗina, katin da ke zana hoton gem a kwamfutata, in sayi babban kati, irin wanda zan yi shekara biyar ban sake waiwayar kasuwa ba. Wani ya turo min hoton RTX 4090 na hannu, ya ce in kawo miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Wani abokina kuma ya ce gara in ƙara kuɗi in ɗauki sabon 5080. Wanne ya fi?

Admin: Wa alaikumus salam. Abba, ka san dokar gidan nan. Wanda zai tambayi kati sai ya zayyano abin da ke cikin akwatinsa tukuna, har da allon da yake kallo da irin gem ɗin da yake bugawa.

Abba Gema: Afuwan Admin. Firosesa Ryzen 5 5600, ram giga 16, fawa saflai wat 550, sunan kamfaninsa ma ya goge. Allo inci 24 ne, 1080p, yana 60Hz. Ina buga FC da Warzone da GTA V, amma burina Cyberpunk 2077 da Black Myth: Wukong, in ƙure komai.

Sadiq RTX: Ƙanena kar ka tsaya dogon nazari. 4090 a wannan kuɗin? Ka ruga da gudu kafin wani ya riga ka. Ram ɗinsa giga 24 ne fa, har yau ya fi 5080 ƙarfi. Banda 5090 babu katin gem da ke gabansa.

Alhaji Na Gwanzu: Sadiq, ka ji tsoron Allah, kar ka tura yaron mutane rami. Abba ɗana, saurare ni. A watan Oktoban 2022 aka fito da 4090 a kan dala 1,599. An daina ƙera shi, kuma masu harkar ƙirƙirarriyar basira suna wawasonsa saboda wancan giga 24 ɗin, shi ya sa na hannu ma farashinsa bai faɗi ba. In muka yi lissafi da dala a naira 1,500, miliyan ɗaya da ɗari huɗu bai kai dala dubu ba. Wane mai hankali ne zai sayar maka da shi a haka? Tun da Amurka ta hana shigar da 4090 ƙasar Sin a ƙarshen 2023, akwai masu sayen katin su ɓamɓare ƙwaƙwalwarsa da ram ɗinsa su kai wani aiki, su mayar da murfi da fankoki a kan fankon allon katin. Daga waje tsaf, nauyi ma yana nan. Sai ka jona ka ga fanka na juyawa, hoto kuwa sai a lahira. Ka tambaye shi zai yarda a gwada a gabanka?

Abba Gema: Baba Alhaji na tambaya. Ya ce kayan suna hanya, in fara tura rabi.

Alhaji Na Gwanzu: To ka ji. Araha ba ta ado. Share lambarsa.

Sadiq RTX: Kai, ban san bai ga kayan ba. Na janye. Amma maganar ƙarfi tana nan daram.

Injiniya Musa: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Ko kyauta aka ba Abba 4090 yau, ba shi da inda zai sauke shi. Ku dubi allonsa. 60Hz na nufin hoto sittin kawai yake iya nunawa a daƙiƙa. Kati ya fitar da ɗari uku, allo zai nuna sittin, sauran sun bi iska. Sannan 1080p ɗigo miliyan biyu ne da 'yan kai. 1440p wajen miliyan uku da dubu ɗari bakwai, 4K kuwa sama da miliyan takwas, ninki huɗu ke nan. Don 4K aka yi waɗannan manyan katunan. Ka ɗaura su a 1080p, katin zai zauna yana hamma yana jiran firosesa, don 5600 ba zai iya kai masa aiki da saurin da yake gamawa ba. Kamar ka sayi tirela ne kana ɗaukar buhu biyu daga Dawanau.

Na biyu fawa saflai. 4090 shi kaɗai wat 450 yake ci, Nvidia da kansu 850 suka ce a sa masa. 5080 wat 360, shi ma 850. Naka 550 ne kuma ba a san ubansa ba. Makon jiya wani yaro ya kawo min kwamfuta shago, ya sayi kati mai tsada ya jona a irin wannan fawa saflai ɗin na naira dubu goma sha. Da na buɗe, ƙaurin ne ya fara tarbata. Wayar ta narke ta manne da bakin katin kamar alewa, madabod ma ta tafi. Yana tsaye yana tambayata ko za a iya gyarawa, na rasa bakin da zan ba shi amsa.

Abba Gema: Innalillahi. Ke nan kuɗin ba na kati kaɗai ba ne.

Injiniya Musa: Ko kusa. A gida wace wuta kake sha?

Abba Gema: Masu wuta sai sun ga dama. Muna da sola, inbata 1.5kVA da batir biyu na ruwa, 220Ah kowanne. Na gidan gaba ɗaya ne.

Injiniya Musa: Yauwa, mu yi lissafi. Batir biyu masu bolt 12 da 220Ah, a takarda kilowat-awa biyar ne da ɗan ɗoriya. Batir na ruwa in kana son ya yi ƙarko ba ka shan fiye da rabinsa, saura biyu da rabi ke nan. 5080 da firosesa da allo da sauran tarkace, ka sa wat 550 in gem ya yi zafi. Wajen awa huɗu, kuma sai in babu fanka ko ƙwai ɗaya a kunne a gidan. Katinka na yanzu wat 125 ne, shi ya sa ba ka taɓa jin Hajiya ta yi magana ba. Ka kawo wancan, ƙarfe ɗaya na dare inbata za ta fara kuka a watan Afrilu, fankar ɗakin Baba ta tsaya. Ranar za ka san katin da ka saya.

Ɗan Maraɗi: Hahaha wallahi Injiniya ka faɗi gaskiya. Nan wajenmu zafin ya fi naku ma. Duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake mayar da shi ya zuba ma a ɗaki. Ɗan'uwana yana da 3090, wat 350, in ya yi awa biyu yana wasa ɗakin sai ka ce gidan burodi. Da hunturu dai yana da daɗi.

Sadiq RTX: Ku dai kuna tsorata yaro. Ai ana rage wa kati wuta. Ka shiga manhajar MSI Afterburner ka saukar da iyakar wutarsa zuwa kashi 75 ko 80, ƙarfin da za ka rasa kaɗan ne, zafi da cin wuta su ragu sosai. Ni haka nake tafiyar da nawa tun da na saya.

Injiniya Musa: Gaskiya ne, ni ma haka nake yi wa kwastomomi. Amma Sadiq, mutum ya biya kuɗin doki sannan ya ɗaure masa ƙafa? In dai zai rage, ya sayi wanda ke ƙasa da shi tun farko, ya sa canjin a allo.

Usman Ja: Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya ambaci AMD, kamar Nvidia ce kaɗai ke ƙera kati a duniya. RX 9070 XT ya fito a watan Maris 2025 a kan dala 599, giga 16, wat 304. RTX 5070 Ti dala 749, shi ma giga 16, wat 300. A yawancin gem kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, wani wurin wannan ya wuce, wani wurin wancan. A Warzone ma da Abba ke bugawa katunan AMD sun saba yin fice. Bambancin dala 150 ya haura naira dubu ɗari biyu. Wannan kuɗin fawa saflai ne mai kyau har da canji.

Sadiq RTX: An zo wajen. Malam Usman, Cyberpunk yaron ya ce, a ƙure. In ka kunna bibiyar haske ɗin nan, wadda ke lissafa yadda haske ke dukan ruwa da gilashi yana dawowa, musamman matakinta na ƙarshe, Nvidia gaba take nesa. Wukong ma haka. Ga DLSS, fasahar Nvidia da ke ƙara wa gem sauri ba tare da hoto ya lalace ba, da ke cikin ɗaruruwan gem. Ga matsalar direbobin AMD, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da kowa ya sani.

Usman Ja: Maganar direba tsohon zance ne, tun zamanin RX 5700 XT a 2019 ake jan ta. In tone-tone za a yi, a farkon 2025 direbobin wa aka yi ta kuka da su kan allo na yin baƙi? Na Nvidia ne, sai da suka yi ta fitar da gyara a jere. Bibiyar haske na yarda suna gaba, amma 9070 XT ya rage tazarar sosai, ba kamar tsohon katinsu 7900 XTX ba. Kuma FSR 4, kishiyar DLSS ta AMD, ba irin na baya ba ne mai sa hoto ya yi dishi-dishi.

Sadiq RTX: Gem nawa ne ke da FSR 4 ɗin?

Usman Ja: Bai kai na DLSS yawa ba, ban musa ba. Ana ƙarawa.

Sadiq RTX: "Ana ƙarawa." Allah Ya ba mu tsawon rai.

Admin: Sadiq da Usman, kullum ku ne. Ku yi muhawara amma ban da gatse. Wanda ya sake kiran wani ɗan koren kamfani, wato Nvidia, sai na fitar da shi na kwana uku.

Abba Gema: Yaya Sadiq, to ya maganar 5070 zalla? Na ga bidiyon da aka ce ƙarfinsa ɗaya da 4090 a dala 549. In haka ne ai an gama.

Sadiq RTX: Ka ga nan ko ni ba zan kare su ba. Shugaban Nvidia, Jensen Huang, shi ya faɗi haka a bikin baje kolin fasaha na CES na Janairun 2025, amma da dabara a ciki. Katunan jerin RTX 50 suna da wata fasaha, kati ya zana hoto ɗaya na gaske, sai ya ƙirƙiro wasu, har uku a lokacin da suka fito, ya cusa a tsakani. Lambar da ke saman allo za ta haura, motsi ya yi santsi a ido. Amma hannunka da na gasken yake magana. In na gasken talatin ne, ko allo ya rubuta 120, ka juya linzami za ka ji nauyin talatin. A gem na labari ba laifi, ni ina kunnawa. A Warzone kuwa kafin ka ɗaga bindiga an kwantar da kai. Kashe wannan fasahar, 4090 ya yi wa 5070 fintinkau. Ga shi giga 12 ne.

Usman Ja: Yau Sadiq ya faɗi gaskiya, a rubuta kwanan wata. Kuma maganar giga 12 ɗin nan ita ce babba ga mai cewa shekara biyar. Ram ɗin kati ba a ƙara shi kamar na kwamfuta, yadda ka saya haka za ku rabu. In ya cika, gem ya dinga cijewa, bango da fuskokin mutane su koma kamar an shafa laka. Masu giga 8 suna ganin haka yanzu a sababbin gem. A kuɗinka kar ka sauka ƙasa da 16.

Anti Zee: Salamu alaikum, na shigo a makare, ina kan aikin bidiyon biki. Abba ƙanena, tambaya ɗaya: gem kaɗai za ka yi da shi, ko kana tunanin neman kuɗi?

Abba Gema: Anti ina ɗan koyon Blender, manhajar zanen 3D, kuma ina so in fara tace bidiyo.

Anti Zee: To wannan ya canja lissafi. Ni da DaVinci Resolve da Premiere nake ci, kuma yawancin masu tace finafinai da na sani a Kano Nvidia suke nema, saboda CUDA, fasahar Nvidia da ke sa kati ya yi wa manhajoji lissafi. Manhajojin aiki da yawa a kansa aka gina su. A Blender in ka zaɓi OptiX na Nvidia, aikin da za ka tafi sallah ka dawo kana jira sai ka tarar ya gama. AMD na yi, ba wai ba ya yi ba, amma a wannan fannin tazarar ta fi ta gem faɗi. In da gaske kake za ka koya, ƙarin dubu ɗari biyun nan biki biyu ko uku ne ka mayar da abinka. In kuma koyon na baki ne, irin na "zan fara bayan sallah", ka bi Usman ka huta.

Usman Ja: Anti ta kashe ni da hujja. A Blender ba ni da ta cewa.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata, me zai hana ya nemi 3090 na hannu? Giga 24, kuma yanzu ya yi sauƙi.

Injiniya Musa: Sauƙin da dalili. 3090 na 2020 ne, kuma masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum sun yi amfani da shi sosai. Ba irin mainin ɗinku na danna waya ba, wannan katuna ake jerawa a kan katako suna aiki dare da rana. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022 aka juye su kasuwa. Shi 3090 rabin ram ɗinsa a bayan allon katin yake, inda sanyi ba ya isa sosai, ga shekaru ya yi yana gasuwa. Ana samun mai lafiya, amma sai wanda ya iya dubawa, ya canja man sanyaya da 'yan katifun da ke kan ram. Ba shi da ƙirƙiro hoto irin na DLSS, ga wat 350 a kan ƙarfin da 5070 Ti ya wuce. Ga mai buƙatar giga 24 don aiki yana da ma'ana. Ga Abba a'a.

Abba Gema: To tsakanin 5080 da 5070 Ti fa? Zuciyata na kan 5080 wallahi.

Injiniya Musa: Ƙwaƙwalwa ɗaya ce a cikinsu, GB203, an dai rufe wani sashe a ƙaramin. Ram ɗaya, giga 16 na GDDR7. Babban dala 999, ƙaramin 749. Ka biya ƙarin kashi ɗaya cikin uku na kuɗi, ƙarfin da za ka samu bai kai rabin hakan ba. Kuma dala 999 ɗin farashin takarda ne. A naira kusan miliyan ɗaya da rabi ne kafin a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai kawowa. Kuɗinka ya ƙare, kana nan da allon 60Hz da fawa saflai marar suna.

Alhaji Na Gwanzu: Farashin takardar ma ba kasafai ake samu ba. ASUS da MSI da Gigabyte kowa da nasa ƙarin, in an sa fitilu da babban murfi. Kar fitila ta ruɗe ka, ƙwaƙwalwar ciki ɗaya ce. Ka dai nemi mai fanka uku saboda zafinmu. Kuma ka auna akwatinka da tef kafin ka biya, wasu katunan sun haura santimita 33. Na ga wanda ya yanke ƙarfen akwati da zarto don kati ya shiga.

Sadiq RTX: In 5070 Ti za ka ɗauka, ga abu biyu. Na farko, a rukunin farko na katunan 50 an samu waɗanda suka fito da naƙasu, Nvidia ta amsa da bakinta, ta ce ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ka sa manhajar duba kati ta GPU-Z a filashi ka tafi da shi shagon. Wajen da aka rubuta ROPs dole ka ga 96. In ka ga 88, ajiye musu kayansu. Na biyu, wayar wutar nan mai baki 16. Ita ce aka yi ta surutu a kanta lokacin 4090 tana narkewa, kamfanin ya ce yawanci rashin tura ta ne har ƙarshe. Ka tura sai ka ji ƙas, ka haska tocila ka tabbatar ba rata, kar ka lanƙwasa ta dab da bakin. A wat 300 hatsarin bai kai na 5090 mai wat 575 ba, amma ka kiyaye. Fawa saflai ka nemi ATX 3.1 mai wat 750 ko 850, wanda ya zo da wayar tasa.

Usman Ja: Ko kuma ka sayi 9070 XT, yawancinsu tsohuwar waya mai baki 8 suke amfani da ita, ka yi barcinka.

Admin: Usman.

Usman Ja: Na yi shiru.

Bello PS: Ni fa duk kun ba ni mamaki. PS5 Pro dala 699 aka fito da shi, ka jona a talabijin shike nan. GTA VI ma a PS5 da Xbox aka sanar da shi, ba a ce komai kan kwamfuta ba. Za ku zauna da katunanku na miliyoyi kuna kallonmu a YouTube.

Anti Zee: Malam Bello, in ka tace min bidiyon amarya a PS5 ɗin sai in sayar da kwamfutata.

Bello PS: Na tuba Anti.

Injiniya Musa: Abba, ƙarin abu ɗaya da ba a rubutawa a kwali: ƙura. Waɗanda ke gwada katunan nan a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi, digiri ashirin da 'yan kai. Kai ɗakinka zai kai 38 a bazara, duk lambar zafin da ka gani a bidiyonsu ka ɗora goma sha a kai. In hunturu ya shigo kuma ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya shi. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka sa raga a gaba, duk wata ka fitar da shi tsakar gida ka busa da bulowa, amma ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa a banza. Kuma ka duba inbatarku, in ba mai ba da tsaftatacciyar wuta ba ce, sababbin fawa saflai ba sa shiri da ita, za ka ji yana ƙara ko ya dinga ɗaukewa. Maganar garanti kuma ka yi ta da mai shago a rubuce, don in kati ya mutu a wata na biyar, mayar da shi Dubai ko Sin ba ƙaramin aiki ba ne.

Abba Gema: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ga abin da na tsara. In na sayar da 1660 ɗina da tsohon allo na ɗora a kan kuɗin, zan nemi 5070 Ti da fawa saflai 750. Allo 1440p mai 165Hz ko sama, in kuɗin bai kai ba sai wata mai zuwa. In kuma na je na tarar farashin 5070 Ti ya yi hauka, 9070 XT zan ɗauko in haɗa duka rana ɗaya. Firosesa fa, zai riƙe?

Injiniya Musa: A 1440p zai riƙe a yawancinsu, a Warzone ne za ka ɗan ji shi. Daga baya ka nemi 5700X3D, zai zauna a madabod ɗinka ba sai ka canja komai ba, ka dai sabunta BIOS, wato manhajar cikin madabod ɗin, tukuna. Ram ma ka kai shi 32 in hali ya yi. Ranar da za ka je saye ka biyo ta shago mu tafi tare, ba na son a ba ka kwali.

Abba Gema: In sha Allahu ranar Asabar bayan azahar. Af, mai 4090 ɗin ya sake kira yanzu, wai ya rage min dubu ɗari in na tura yau.

Alhaji Na Gwanzu: Ka ce masa Babanka na Gwanzu ya ce ya kawo shagon Injiniya a jona. In ya nuna hoto ni zan saya, har da la'adarka.

Abba Gema: Na faɗa masa. Ya karanta, bai ba da amsa ba. Yanzu na duba, hotonsa ma ya ɓace.

Ɗan Maraɗi: Abba, 1660 ɗin nan nawa za ka bar min? Amma a sefa zan biya.